Shekarar da Aka Ce Babana Yana Gona

Ina gidan Inna ina wankan jegon ɗana na fari aka yi wannan abin, shi ya sa na san shi tun daga tushe. Da ina ɗakina a Nasarawo, da sai dai in ji a bakin mutane, su kuwa sun daɗe suna ƙara masa gishiri.

Mahaifina tela ne a Kasuwar Gombe. Zazzaɓi ya kwantar da shi wata damina, bai tashi ba. Ya kamata in faɗa tun yanzu cewa bai taɓa mallakar gona ba, bai kuma taɓa sha'awarta ba. Mutum ne mai tsananin tsabta, ko ƙasa ta taɓa masa gefen wando sai ya tsaya ya kakkaɓe. Bayan Inna ta fita takaba aka ɗan jima, sai ta auri amininsa, wanda muke kira Baffa tun muna ƙanana. Matarsa ta riga ta rasu, gidansa kuma a nan Bagadaza yake, katanga ɗaya da namu, don haka tarewar Inna ba ta wuce miƙa kwanuka ta kan bango ba. Baffa ne ya yi wa Baba wanka, shi ne kuma ya shiga kabari ya karɓe shi.

Baffa mutumin wajen Katsina ne, auduga ta kawo shi Gombe. Ya yi shekaru yana kan sikeli a kasuwar auduga, kuma ina jin a can halinsa ya ƙafe. In aka faɗi magana a gabansa, to, ta zauna ke nan, sai dai wanda ya faɗe ta ya zo ya ɗauke abarsa. Ya taɓa tashi daga wurin suna bai ci komai ba, don an ce masa rago za a yanka ya tarar da bunsuru. Ba faɗa yake yi ba. Ya yi wa jariri addu'a, ya sa takalminsa, ya tafi.

A lokacin farar hula ke mulki, ana shirin zaɓe na biyu. Kowa na cewa kuɗin mai ya cika ƙasa, mu dai abin da muka gani shi ne manyan bututun ruwa da aka sauke a bakin hanya aka tafi aka bar su. Wanda bai zauna a Gombe a wancan zamanin ba, ba zai gane yadda muke kallon bututun nan ba. Rijiyoyin unguwa sun ƙafe, sai 'yan garuwa, su ma sai ka yi sa'a. Ga ni mai jego, wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa, ga wankin tsumman jariri. Inna kan tsaya a bakin zaure tun hantsi tana leƙen mai garuwa kamar mai jiran baƙo daga Makka.

Ana haka sai magana ta zaga cewa za a raba famfo ne gwargwadon yawan sunayen da kowace unguwa ke da su a rajistar masu zaɓe. Har yau ban san wanda ya fara faɗar haka ba. Mai unguwarmu dai ya yarda, ya kuma riƙe abin da hannu biyu. A daidai lokacin ne aka turo ma'aikata su gyara rajistar, su sa waɗanda suka isa, su cire waɗanda suka mutu.

Ƙofar gidan mai unguwa tana bayan katangarmu ne. Ranar da aka zo, ina zaune a gindin katangar ina shan kunun kanwa, ina jin komai. Akawun wani saurayi ne daga ƙasar Tangale, muryarsa tar kamar ta mai karanta labarai a rediyo. Yana kiran suna, mai suna ya ce ga shi. In aka ji shiru sai mai unguwa ya amsa.

Aka kira wani tsoho mai sayar da goro da ya rasu tun ina budurwa. Mai unguwa ya ce, "Yana gona."

Aka kira wani direban tifa da ya mutu a hanyar Bauchi. "Gona."

Aka kira wani makaho da ya haura shekara tasa'in kafin Allah ya karɓi abinsa. Wannan kam sai mai unguwa ya ce ya raka masu gonar ne.

Akawu ya ce, "Ranka ya daɗe, mutanen unguwar nan akwai noma. Ga shi ko hadari bai fara haɗuwa ba."

"Noman rani ne, ɗana. Can Dadin Kowa."

Har na fara dariya, kunu na neman sarƙe ni, sai na ji an kira sunan mahaifina, cikakke, har da na kakana. Na ajiye ludayin. Tun ranar da aka yi masa salla ban ƙara jin an ɗaga murya da sunan nan ba, sai na ji kamar zai amsa daga ɗaki.

Mai unguwa ya ce, "Shi ma yana gona."

Daga baya Baffa ya ba ni labarin abin da ban gani ba. Ya ce yana zaune a tabarma ta gaba. Da ya ji haka sai ya dubi liman, don ba ya son ya riga malami magana. Liman ya dubi carbinsa. Baffa ya dubi dattawan da suka ɗauki makara tare da shi, kowa ya sami abin kallo a tafin ƙafarsa. Kafin ya gama dube-dube an wuce suna na gaba.

Da la'asar muka ji sallama a ƙofar gida. Muryar Baffa ce. Muka amsa, muka ci gaba da abin da muke yi. Ya sake sallama. Inna ta ce, "Je ki gani, ko da baƙo yake tafe."

Na tarar da shi shi kaɗai, tsaye a zaure, hannuwa a baya.

Ya ce, "Sannu da jego. Yaya ɗan baƙon? Ki taimaka ki miƙo mini tabarmata da buta da bargo. Sannan ki gaya wa mahaifiyarki ta yi haƙuri, zan zauna a nan har mijinta ya dawo."

Na ce, "Baffa, wane mijin?"

"Wanda ke gona."

Na tsaya ina kallonsa ko zai yi murmushi. Bai yi ba. Ya ce an faɗa a gaban hukuma, a gaban liman, a gaban dattawa, cewa amininsa na da rai, ba wanda ya musa. Shi kuwa ba zai shiga wurin matar amininsa ba alhali aminin na nan Dadin Kowa yana ban ruwa.

Da na kai wa Inna saƙon, ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "Ƙyale shi, yunwa za ta shigo da shi." Amma yunwa ba ta shigo da shi ba, domin da na kai masa tuwo ya karɓa ya cinye tas. Ya ce abincin maƙwabta halal ne. Ya miƙo kwano ya ce a yi wa matar gidan godiya, a kuma gaida maigidan in ya dawo.

Washegari liman ya zo da kansa. Na ji su ta ƙofar zaure.

"Malam, wannan ai wasa ne. Aurenka na nan daram. Ni na ɗaura shi."

"Na sani, Allah gafarta Malam. Kai ne kuma ka yi wa mamacin salla."

"To, ka gani."

"Kai ne kuma jiya aka ce yana gona ka yi shiru. Ni jahili ne, ban san wanne zan ɗauka ba. Na ɗauki na baya-bayan nan."

Liman ya yi gyaran murya, ya ce akwai shirun da ake yi don maslahar jama'a. Baffa ya ce to, shi ma zaman zauren nan maslaha ce. Liman ya tashi ya tafi.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, Inna kanta ba ta son a cire sunan. Da na yi mata maganar, tana cikin tura itace a ƙarƙashin tukunyar wankana, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Mutumin nan, Allah ya jiƙansa, duk zamanmu bai taɓa ɗebo mini ko guga ɗaya ba, wai kada rigarsa ta jiƙe. In yanzu ne zai kawo mini famfo, a bar shi ya yi nomansa."

Ni ce a tsakiya. Ga ɗanyen jiki, ga jariri, ga kai saƙo tsakanin mutum biyu da taku kaɗan ya raba su. Ki gaya wa mahaifiyarki sabulu ya ƙare. Ki gaya masa sabulun maƙwabta ma halal ne, amma saya ake yi. Matan da ke zuwa barka kuwa suka sami abin yi. Sai mace ta gama yaba jariri, ta sha kunu, sannan ta karkato ta ce wa Inna, "Ina labarin mai gona? An fara cire tumatir?" Da farko Inna na tayawa. Daga baya na lura dariyar tata ta fara gajarta.

Baffa bai zauna haka nan ba. Ya sa babbar riga ya tafi makarantar firamare inda ma'aikatan suka kafa teburinsu, aka lilliƙa sunaye a bango don mai ƙorafi ya zo ya yi. Akawun ya saurare shi da ladabi, ya ce ba shi da ikon cire mutum da bakin mutum ɗaya, musamman da yake mai unguwa ya ce yana raye. Sai an kawo shaidu, ko wani na cikin gidan mamacin ya zo da kansa.

Baffa ya ce, "Ni ne mijin matarsa."

Akawu ya ɗago kai ya dube shi, ya ce, "Baba, wannan maganar kada ka maimaita ta a gaban ɗan sanda."

Sai Baffa ya shiga bin waɗanda suka je jana'iza. Na farko ya ce lalle ya je, amma a sahun baya ya tsaya, bai ga fuska ba. Na biyu ya ce a shekarar an yi mace-mace da yawa, ba zai iya rantsuwa a kan wanda aka binne ran nan ba. Na uku, wanda kowa ya san shi ya kama ƙafar makara ta dama, ya ce shi dai ya ji nauyi a kafaɗa, iyakar abin da zai iya shaida ke nan. Duk suna son famfo, duk kuma suna jin nauyin mai unguwa.

Ana cikin haka wani mutum ya iso daga wani ƙauye na wajen Deba, a kan keke, ya yi sallama. Ya ce ya ji a kasuwa wai telan nan ashe bai mutu ba. Shi kuwa ya taɓa kawo masa yadi a ɗinka masa rigar salla, da ya ji rasuwar sai ya yafe. Tunda yana nan, to, ya zo karɓar rigarsa. Baffa ya shimfiɗa masa tabarma, ya ba shi ruwa, ya ce ya yi daidai, haƙƙinsa ne, sai dai ya jira mai ɗinkin ya dawo ko ya bi shi Dadin Kowa. Mutumin ya nemi kwatance. Wallahi da kunnena na ji Baffa yana cewa shi bai san gonar ba, amma mai unguwa ya sani, ga ƙofarsa can.

Ina jin zuwan mai rigar nan ne ya sa mai unguwa ya gaji. Da hantsin wata rana ya zo zaurenmu tare da liman. Ni da Inna muka matso bayan ƙofa.

Mai unguwa ya ce, "Malam, ka hana ni sakat. Yara na bin bayana suna tambayata kuɗin albasa. Na samo mafita. Yau zan je in gaya wa akawun nan cewa Allah ya yi wa mutumin rasuwa jiya. Maciji ya sare shi a gona. A cire shi, kai ka koma ɗakinka, ni ma ban yi ƙarya ba, sauran kuma a bar mini su."

Sai muka ji Baffa ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jiya?"

"Jiya."

"Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki ne. To, ranka ya daɗe, sai a shiga a gaya wa matarsa ta fara takaba."

"Wace takaba kuma?"

"Mijinta ya rasu jiya. Sannan ina so Malam ya gaya mini hukuncin zaman da na yi da ita shekarun nan, tunda ashe da aurensa a kanta. Ni a shirye nake, ko bulala ce."

Liman ya ce, "Subhanallahi." Mai unguwa ya ce wani abu da Fillanci wanda ba zan fassara ba.

Na juyo in dubi Inna, sai na ga ba ta wurin. Ta shiga ɗaki. Ta fito da mayafinta na zuwa unguwa, tana ɗaura ɗankwali da ƙarfi kamar da shi take faɗa. Ta ce, "Takaba biyu a kan mutum ɗaya? Ɗauko yaron nan ki biyo ni."

Na ce, "Inna, ban yi arba'in ba."

"Makaranta ce, ba kasuwa ba. Taho."

Ta ratsa zauren ta tsakiyarsu ba ta ce wa kowa sannu ba. Na bi ta da jariri a kafaɗa. Da na waiwaya sai na ga Baffa na biye da mu daga nesa, liman na bayansa, mai unguwa na bayan liman yana ta faman gyara rawani. Haka muka bi lungu a jere, mata na leƙowa ta kan katanga.

Akawun na zaune a barandar aji. Inna ta tsaya a gabansa ta ce ta zo a cire mijinta na fari, ya rasu, kuma ba jiya ba.

Ya ce, "To, Mama. Yaya sunansa?"

A nan abin ya tsaya. Inna irin matan da ne, ba ta taɓa kama sunan mijinta ba. Tun tasowata "shi" nake ji, ko "mai gidan nan", ko "ubanku". Ƙanena da aka sa wa sunan wani mai irin sunan ma, laƙabi ta yi masa. Ta ce, "Telan nan. Dogo. Na gidan da ke kusa da rijiyar da ta ƙafe."

"Mama, rijiyoyin duk sun ƙafe. Suna nake so."

Na buɗe baki zan faɗa, ya ɗaga hannu ya ce mai ƙorafi ce za ta faɗa da bakinta, haka aka ce musu. Ya ƙara da cewa ko ya yi mata karatun sunayen ta tsayar da shi in an zo wurin, ba zai wadatar ba, don masu irin sunan nan a unguwar sun fi a ƙirga da hannu ɗaya.

Inna ta dubi bangon da aka lilliƙa takardu. Ba ta iya boko ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta sake saki. Mutanen da suka biyo mu sun iso sun tsaya a gindin bishiya.

Sai ta faɗa. Ta faɗi sunansa da na mahaifinsa, a hankali, kamar mai taka tsani a karo na farko. A bakinta sunan ya fito daban, ta ja wasalin ƙarshe yadda ban taɓa jin kowa ya ja ba, sai na gane ashe haka take kiransa a ranta duk shekarun nan. Ba ta tsaya nan ba. Ta ce ya rasu da damina, ranar wata Laraba, bayan azahar, kansa a kan cinyarta. Ta ce abu na ƙarshe da ya nema shi ne a gyara masa hula. Ta ce bai san hanyar Dadin Kowa ba, kuma in da za a ɗora masa fartanya a kafaɗa da ya sake mutuwa.

Ni dai na sunkuyar da kai a kan jaririna ina kuka, ina kuma jin dariya na taso mini, na rasa wanda zan bari ya fito.

Akawun ya yi ƙasa da murya ya ce, "Allah ya jiƙansa, Mama. Akwai shaida?"

Baffa ya matso ya ce shi ya sa shi a kabari. Liman ya ce haka ne, shi ya yi salla. Duk aka juya ga mai unguwa. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce shi ma yanzu da aka faɗa, ya tuna kamar an yi haka.

Akawu ya ɗauko rula ya ɗora a kan takarda, ya ja layi ɗaya da jan biro. Inna ta leƙa ta ce, "Shi ke nan?" Ya ce shi ke nan. Sannan ya dubi mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, sauran manoman fa?"

Mai unguwa ya ce, "Suna gona."

Ba wanda ya ce uffan, har Baffa. Da na tambaye shi daga baya, ya ce shi ba ya auren matan sauran.

A hanyar komawa ya tambayi liman ko sai an sake ɗaura aure. Liman ya ce, "Malam, don girman Allah shiga gidanka." Baffa ya naɗe tabarmarsa ya shiga. Amma Inna ba ta huce da wuri ba. Har na gama wanka na koma ɗakina, ta bakina take yi masa magana. Ki gaya wa mijin uwarki abinci na nan. Ki gaya wa mijin uwarki ruwa ya ƙare, tunda ya kori mai kawo famfo sai ya nemo mai garuwa. Ya kuwa nemo. Kullum da safe sai ya tafi har bakin kwari ya taho da mutum biyu a bayansa, yana tafe a gaba da babbar riga kamar mai rakiyar amarya.

Famfo bai zo ba, ko a unguwarmu ko a ta maƙwabta da suka fi mu matattu. Bututun suka zauna a bakin hanya har ciyawa ta rufe su, awaki na haihuwa a ciki.

Mai unguwa ya daina amsa gaisuwar Baffa na ɗan lokaci, daga baya suka shirya, har yakan aiko masa da goro. Ba a daɗe sosai da yin zaɓen ba ciwo ya kama mai unguwa, ya rasu da sanyin safiya. Baffa na cikin waɗanda suka ɗauki makara. Daga maƙabarta bai biyo jama'a zuwa zaman makoki ba, ya zarce ofishin masu zaɓe da ƙurar kabari a gwiwar wandonsa, don ya shaida musu da bakinsa tun kafin wani ya tura marigayin wani wuri. Ya tarar da ƙofa a kulle, sai maigadi a kan benci yana jin rediyo. Maigadin ya ce masa ai soja sun karɓi mulki, babu zaɓe, babu rajista, ma'aikatan duk an sallame su.

Baffa ya tambaye shi yaushe za a buɗe. Maigadi ya ce wannan sai Allah. Baffa ya ce to, ba laifi, zai riƙa leƙowa.